Kwana a Ɗakin da Ba Naka Ba

Gaisuwa ga mutanen Mandera da na sauran garuruwan ƙasar Boɗinga da Shagari, da duk wanda ake karanta wa wannan takarda a rumfar asibiti yana jiran layi ya zo kansa. Yau maganarmu a kan masauki ce, watau ɗakin da mutum kan kama na kwana biyu ko mako guda in tafiya ta kai shi wani gari.

Da zarar kaka ta wuce, amfanin gona ya shiga rumbu, sai ku ga hanyar Sakkwato ta cika. Wani ya kai mara lafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, likita ya ce sai an kwantar da shi, masu jinya kuwa ba su da ɗan'uwa a birni, tilas su nemi wurin kwana. Wani ziyara ce ta kai shi Hubbaren Shehu, ko Wurno. Wani ya kora dabbobi kasuwar Illela, wani ya tafi kallon su a Argungu, wani ɗan cin rani ne, wani kuwa maniyyaci ne mai jiran jirgi. Duk waɗannan, in rana ta faɗi, sai sun sa haƙarƙarinsu a ɗakin wani.

A zamanin fatake abin da sauƙi ta wani fannin. Kowane ayari yana da fatomansa, watau mai masaukin da ya san uban baƙo, baƙo kuma ya san ubansa. In wani abu ya sami baƙo a gidansa, sunansa ne ya ɓaci har garuruwan da ba ya zuwa. Yanzu kuwa duk mai ɗakin da ba kowa ciki ya zama mai masauki. Har ta waya ake kama ɗaki, a biya kuɗi tun ba a gan shi ba. Mai ɗakin bai san ka ba, kai ma ba ka san shi ba, kuma ya san jibi za ka tafi. Saboda haka duban ɗaki ya koma wuyanka, ba wanda zai yi maka.

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa. A gidanka ko cikin duhu ka san inda randa take, ka san ƙofar da ke cijewa, ka san lungun da kunama kan fito. A masauki ba ka san ko ɗaya ba. To, maganin wannan makanta guda ɗaya ne: ka yi ƙoƙari ka isa da sauran rana, ka duba ɗakin kafin ka kwance kayanka, kafin kuma kuɗinka su bar aljihu. Mutumin da ya iso bayan lisha, a gajiye, ga yara na kuka, duk inda aka nuna masa sai ya kwanta.

Abin da za ka fara dubawa, ba katifa ba ce, ba kuma fenti ba. Taga ce. Ka tsaya tsakiyar ɗaki ka duba, in an rufe ƙofa, ta ina iska za ta shiga, ta ina za ta fita? Ka taɓa tagar da hannunka ka ga tana buɗewa. Na ga ɗakuna da yawa da aka dunƙule tagoginsu da ƙusa don tsoron ɓarayi, ko aka toshe su da kwali da tsumma tun sanyin bara ba a cire ba. Zan daɗe a kan wannan magana, domin cikin dukan haɗarin masauki, na iska ne ke kashe mutum lafiyayye a dare ɗaya.

Ku lura da kyau. Hayaƙin da ido ke gani, mai sa tari da hawaye, shi ne mai sauƙi, don yana korar mutum waje. Amma duk inda gawayi ke ci, ko itace, ko kananzir, ko man fetur, akwai wata iska da ke fita tare da shi wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Likitoci suna kiranta kabon monoksaid. Ga yadda take aikinta. Jinin mutum shi ke ɗaukar iska mai kyau daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran jiki, kamar yadda jaki ke ɗaukar kaya. To, ita wannan muguwar iska jini ya fi kama ta fiye da mai kyau har sau 200 da 'yan kai. In ta hau, ba ta sauka da wuri. Sai ka ga mutum yana numfashi sosai, amma jininsa kayan banza yake ɗauke da shi, ƙwaƙwalwa tana jin yunwa.

In mutum a farke yake, sai ya ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, gaɓoɓinsa su mutu. Sau da yawa sai ya ce gajiyar mota ce, ko zazzaɓi ne zai kama shi, ya ƙara jan bargo. In kuwa barci yake yi, ba ya jin komai, daga barcin sai a wuce. Ga alamar da za ku riƙe: in mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka kama ciwon kai lokaci guda, musamman in da yaro ya yi laushi ba dalili, to, kada ku tsaya neman magani cikin jaka. Ku buɗe ƙofa, kowa ya fita.

Lokacin hunturu, watannin Disamba da Janairu, aka fi samun wannan. Baƙo ya zo bai riƙo bargo ba, ɗakin siminti ne mai rufin kwano, sanyi ya taso tsakar dare, sai ya roƙi garwashi a kasko ko kurfoti ya shigar ɗaki, ya ja ƙofa. Wani zai ce, ai tun kakanninmu ake jin ɗumi a ɗaki. Gaskiya ne. Amma ɗakin kaka na ciyawa ne, iska na ratsa shi ta ko'ina, ƙofarsa kuma asabari ce. Ɗakin bulo mai silin da ƙofar ƙarfe kuwa kamar tulu yake da aka rufe bakinsa. Kuma kada jan garwashi ya ruɗe ku, ku ce ai hayaƙi ya ƙare. Garwashin da ya yi ja ba hayaƙi yana nan yana fitar da ita. Ku ji ɗuminku a waje ko bakin ƙofa a buɗe, in za ku kwanta ku fitar da kaskon.

Na biyu shi ne janareta, kuma a zamanin nan ya fi gawayi ɓarna. Mai gida yana tsoron a sace masa inji, sai ya jawo shi cikin zaure, ko lungun da ke tsakanin ɗakuna, ko ƙarƙashin tagar baƙo. Tun da rana ka tambaya, in an ɗauke wuta, ina ake ajiye inji? Ka je ka gani da idonka. Wurinsa fili ne, nesa da ƙofa da taga kamar mita 6, watau taku 8 na babban mutum, bakin hayaƙinsa kuma yana kallon wani gefe. In an ce a cikin gida yake kwana yana aiki, ka nemi a kashe shi kafin barci. In an ƙi, ka ɗauki tabarmarka. Zufa ba ta kashe mutum kamar yadda wannan ke kashewa.

Kada ku zaci wannan ciwon talaka ne ko na masaukin araha. A watan Oktoba na 2022 wasu Amurkawa 3 sun kama gidan haya na 'yan kwanaki a babban birnin Meksiko don shaƙatawa, aka wayi gari duk sun rasu, hukuma ta bincika ta ce wannan iska ce. Shi ya sa a ƙasashen Turai da Amurka ake manna wata 'yar na'ura a bango mai ƙara in ta shaƙi iskar. Mu da ba mu da ita a yawancin masaukanmu, taga ce na'urarmu.

In kun tarar da mutum ya suma a ɗaki irin wannan, ku fara buɗe ƙofa da tagogi, ku jawo shi waje inda iska ke kaɗawa, ku kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara, ko manja, ko rubutu, domin wanda ya suma ba ya iya haɗiya, abin sai ya bi hanyar huhu. A nemi mota a kai shi babban asibiti inda ake sa iskar oksijin, ko da ya farfaɗo a hanya. Ina kuma roƙonku abu guda. Sau da yawa in aka wayi gari da gawa a ɗaki rufe, ba rauni ba jini, sai magana ta tashi, a ce guba aka sa a tuwo, ko sammu ne, ko ɗakin yana da iskoki. An raba zumunci a kan haka, an kai marasa laifi gaban alƙali. Kafin a zargi kowa, a dubi inda kasko yake da inda inji ya kwana.

Har yanzu muna kan iska. Masaukan da ke kusa da kasuwa, sau da yawa ɗakin kwana shi ne ɗakin ajiya. In ka ga buhunan wake ko masara ko gero a jingine, ka tambaya ko an sa musu ƙwayar nan ta maganin ƙwari da ake turawa cikin buhu. Ita wannan ƙwaya in ta sha danshi tana fitar da iska mai guba, warinta kamar tafarnuwa ko rubabben kifi, tana kuma ratsa buhu har ta bi ta saman bango zuwa ɗakin da ke kusa. Yara ƙanana ta fi kashewa. Ba a kwana ɗaki ɗaya da irin wannan buhu, ko kyauta aka ba ka ɗakin.

Haka nan maganin feshi. Wani mai masauki don ya kyauta wa baƙo sai ya yayyafa Sniper ko ota-fiya-fiya a ɗaki da magariba, ya rufe, ya miƙo makulli. Irin wannan magani na gona ne, shi ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da kantuna. In ka shiga ka ji wari mai ɗaukar kai, ka buɗe ko'ina, ka zauna waje sai ya fita sarai, kada kuma ka shimfiɗa wa jariri a ƙasan da aka yayyafa. Wanda ya shaƙa da yawa za ku ga yana dalalar da miyau, yana zufa, yana amai, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance. Wannan ma na asibiti ne nan take.

To, wannan na sanyi ke nan da na ajiya. Bazara kuma da nata. Daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ƙura ta busar da hanci da maƙogwaro, shi ne lokacin sanƙarau. Ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa waɗanda su kansu lafiyarsu lau, tana bin tari da atishawa da numfashi kusa da kusa. Don haka ɗakin da aka cusa mutum 10 ko 15 don a rage kuɗin haya, aka kuma rufe taga, shi ne gonarta. Manyanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, yawancinsu a nan Arewa. Ta sake tasowa a 2017 a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi, ta kashe fiye da 1,000.

Na san 'yan cin rani ba don jin daɗi suke cunkushewa ba, aljihu ne ya hukunta. Amma in ba yadda za a yi, a bar taga da ƙofa a buɗe, a yi kai da ƙafa wajen kwanciya don kada numfashin wani ya riƙa bugun fuskar wani, wasu kuma su fita tsakar gida su ɗaura gidan sauro. In wani a cikinku ya kama zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da amai, wuyansa ya sandare, ba ya son haske, kada a ce bari gari ya waye. Sanƙarau yana iya kashewa cikin kwana ɗaya, kuma allurar asibiti tana warkar da shi in an zo da wuri. Jariri kuwa wuyansa ba lalle ya sandare ba, sai dai ya ƙi nono, maɗigarsa ta kumbura. Akwai rigakafi. A 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara ba da sabuwar allurar da ke tare iri 5 na wannan cuta. In an yi shelar masu allura sun zo, ku fito da 'ya'yanku, kuma mai niyyar tafiya ya sani allura tana bukatar kamar kwana 10 kafin ta kama jiki.

Sai ruwa. Randar masauki randar kowa ce, moɗa ɗaya hannu ɗari. Ba ka san rijiyar da aka ɗebo ba, ba ka san ranar da aka wanke randar ba. Ka zagaya bayan gida ka ga inda masai yake da inda rijiya take. In suna maƙwabtaka, ƙasa da mita 30 tsakaninsu, to, abin da ke cikin wannan yana iya tsiyaya cikin wancan, balle da damina. Ka dubi masan kansa, ko yana da murfi, ko ƙudaje sun yi masa rumfa, ko bakinsa ya zaizaye har yaro ya iya faɗawa. A 2021 kwalara, watau amai da gudawa, ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, kuma jiharmu ba ta tsira ba. Ruwan da ba ka amince da shi ba, ka tafasa shi har ya yi minti guda yana ɓararraka, ko ka sa maganin ruwa na kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalba. Ka tafi da kofinka da butarka da sabulunka, ba su da nauyi. Ka jefa ƙunshin gishiri da sukari na asibiti biyu ko uku cikin jaka. In gudawa ta kama wani da dare ba ku da shi, ku sami ruwa mai tsabta lita guda, ku sa sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, ku riƙa ba shi kaɗan kaɗan kuna kan hanyar asibiti.

Abinci kuwa, ku ci mai zafi da aka sauke a gabanku. Abin da ya rage ku rufe shi da murfi mai nauyi, domin ɓera yana bin masauki, fitsarinsa da kashinsa kuma su ke kawo zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno.

Yanzu mu zo wurin kwanciya. Ka ɗaga katifa ka haska ɗinkinta da tocila, ka duba tsagar gado da ta bango. In ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe ko tabon jini, akwai kuɗin cizo. Shi dai ba a san shi da ɗaukar wata cuta daga wani zuwa wani ba, amma yana hana barci, kuma in ya shiga jakarka ya bi ka gida, sai kun yi wata kuna yaƙi. Ka rataye jaka, kada ka ɗora ta kan gado. Zanen gado da bargon da ba a wanke ba suna iya ba ka ƙazuwa da ƙwarƙwata, don haka ka shimfiɗa naka. Gidan sauro kuwa ka ɗauko naka daga gida, da 'yar igiya, ko da rani ne, domin lambatun birni ba sa bushewa, sauronsu ba ya hutu. Mace mai ciki da yaro ƙasa da shekara 5, su ne farkon shiga. Da safe ka kakkaɓe takalmi kafin ka sa ƙafa, saboda kunama.

Ƙofa ba ta bukatar dogon bayani. Ta kasance tana da sakata ta ciki, in za ka fita ka sa kwaɗonka, ba na mai gida ba, don ba ka san hannu nawa makullinsa ya bi ba. Amma kada a kulle ku ta waje da dare, kada kuma a kulle yara a ɗaki a tafi asibiti ko kasuwa, balle da fitila ko kyandir a kunne. Ka tambaya, in an rufe ƙofar gida da dare, makulli wurin wa yake kwana? Ranar gobara ba ranar neman makulli ba ce. Wayar wuta da ta fito tsirara, ko soket da ya yi baƙi, kada ka taɓa, kada kuma ka bar waya tana caji a kan katifa. Sa'an nan ka kira gida ka faɗa musu unguwar da ka sauka da sunan mai gidan. Mata masu jinya da suka zo su kaɗai, ya fi kyau su haɗu biyu ko uku, su nemi gidan da matan aure ke ciki.

Alhazai, ku ma da ku nake. Masaukin Makka da Madina bene ne mai hawa da yawa, abin da yawancinmu ba mu saba da shi ba. Ranar da kuka sauka, ku nemi matakalar ƙafa ku bi ta sau ɗaya har ƙasa don ku san ta, domin in wuta ta tashi ba a shiga lif. Kada ku yi girki a ɗakin kwana. A 1997 gobara ta tashi a tantunan Mina ta kashe alhazai fiye da 300, bayan haka ne aka kafa tantunan da wuta ba ta ci. Allurar sanƙarau da hukumar Saudiyya ta wajabta kuwa, a yi ta da gaske, kwana 10 ko fiye kafin tafiya. Wanda ya sami kati ba tare da allura ta shiga jikinsa ba, kansa ya cuta, da waɗanda zai kwana da su ɗaki ɗaya.

In kun komo gida lafiya, ku shanya kayan shimfiɗa da jaka a rana mai zafi kafin su shiga ɗaki, ku wanke tufafi da ruwan zafi. Sa'an nan ku riƙa lura da jikinku har mako 3. Kwalara takan nuna kanta cikin kwana 5, sanƙarau cikin kwana 10, zazzaɓin cizon sauro daga mako guda zuwa biyu, Lasa kuwa har kwana 21. In wani abu ya taso cikin wannan lokaci, ku zo asibiti, kuma tun ba mu tambaya ba ku faɗa mana garin da kuka je, da irin ɗakin da kuka kwana, da ku nawa ne a ciki, da ko wani a cikinku ya yi ciwo. Da wannan bayani ne malamin asibiti zai san ko ya ba ku magani a nan, ko ya rubuta muku takarda zuwa Boɗinga ko Sakkwato tun da sauran lokaci.